Anti, wane irin jel zan koya? Adashin sau ɗaya zan kwasa

Assalamu alaikum Anti,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya aiki, ya haƙuri da mu masu damun ki da wasiƙu. Na daɗe ina bin shirinki ta waya. Na san yawancin masu rubuto miki maganar miji ko kishiya ko dangin miji suke kawowa, ni kuwa tawa maganar farce ce. Kada ki yi dariya, Anti, wallahi ta hana ni barci ya fi mako biyu.

Ni mai ƙunshi ce, a Agege aka haife ni, shekarata 24. Shekara shida ke nan ina yi wa amare lalle, ja da baƙi, daga nan Zango har Idi-Araba da Mile 12, wani lokaci a kira ni Obalende. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da almakashi ya shigo Legas daga ƙasar Katsina. Mai yankan farce ne, irin waɗanda ke bin layi suna kaɗa almakashi don a san sun iso, kuma da wannan sana'ar ya ciyar da mu har ya koma ga Allah. Ranar da na ce wa Inna ina so in koyi gyaran farce irin na zamani, dariya ta yi ta ce gado ne ya motsa. Saboda haka ba ni da matsalar izini a gida.

Abin da ya sa na fara tunanin shi ne, duk amaryar da na gama wa lalle yanzu sai ta tambaye ni, ba kya sa farce? In ce a'a. Sai a kira wata daga Ikeja, ta zo da 'yar jakarta da fitilarta, ta yi awa ɗaya da rabi, ta karɓi abin da ya kusa nawa, ni da na wuni a durƙushe bayana kamar zai ɓalle. Ƙawayen amarya kuma, Yarbawa da Inyamurai da suka sha anko, duk ita suke bi.

Da na shiga tambaya sai na tarar ashe jel, wato abin da ake sa wa farce a busar a fitila, ba abu ɗaya ba ne, kuma kowace mai koyarwa nata ne mafi kyau. Bari in faɗa miki yadda na fahimta.

Akwai jel mai laushi, wanda ake shafawa kamar janfarce a kan farcen mutum, a sa hannu cikin fitila ya bushe cikin daƙiƙa 30 zuwa 60 idan fitilar LED ce. Shi ne irin su Shellac na kamfanin CND da ya fito a 2010, da GelColor na OPI. Yana kai mako biyu, ba ya ƙara tsayi, kuma cire shi da sauƙi: a ɗan goge samansa, a naɗe yatsu da auduga mai asiton, wato ruwan cire janfarce, bayan minti 10 zuwa 15 ya saki. Akwai jel mai tauri, wanda ake gina farce da shi a ƙara masa tsayi. Shi asiton ba ya narkar da shi, sai dai a goge shi da injin gugar farce, kuma in hannun mai yi bai ƙware ba har farcen Allah za ta haɗa ta cinye. Tsakaninsu akwai wanda suke kira BIAB, na kamfanin The GelBottle da ke Ingila, mai kauri ne a kwalba, yana ƙarfafa farce kuma yana jiƙuwa a cire. Sai PolyGel da Gelish suka fitar a 2017, yana zuwa a bututu kamar man goge baki, ba ya daskarewa sai an sa shi a fitila, don haka ɗan koyo yana da lokacin gyara shi yadda yake so. Na taɓa shi sau ɗaya, Anti, kamar kwaɓin lalle mai ƙarfi, nan take hannuna ya gane shi. Na ƙarshe shi ne Gel-X na Aprés, farce ne da aka riga aka ƙera da jel, a manna shi gaba ɗaya a busar a fitila.

Duk wannan a gefe guda, akirilik a gefe guda. Shi ba jel ba ne, gari ne da ruwa ake haɗawa, ba ya buƙatar fitila, kuma shi na fi gani a shagunan gefen titi daga Agege har Oshodi. Warinsa kuwa, ranar da na zauna awa biyu a wani shago ina kallo, da ciwon kai na dawo gida. Ɗakinmu ɗaya da falo, taga ɗaya, ga Inna da ciwon ƙirji.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Masu zuwa wurina kashi biyu ne, kuma abin da suke so ya yi hannun riga. 'Yan gari, wato su Yarbawa, suna son farce dogo, mai ƙyalli, wanda zai yi mako uku ko wata bai motsa ba, su ci biki biyu ko uku da shi. Namu kuwa, tun a Islamiyya aka koya mana cewa duk abin da ya hana ruwa taɓa farce ya hana alwala da wanka, shi ya sa lalle ba shi da matsala, launi ne kawai ba shi da jiki. To 'yan matanmu sai suna fashin sallah suke sa farce, kwana biyar ko bakwai su nemi a cire. Amarya kuma ba ita ke zaɓar ranar da al'adarta za ta zo ba. Sau da yawa tana son farcen na awa shida ne kacal, na wurin dina, kafin asuba ya fita. Na taɓa ganin amaryar da aka yi wa akirilik, da dare muka zauna ni da ƙanwarta muna ɓanɓara da haƙori da reza, tana hawaye, farcenta guda ya tsage har ya yi jini. Tun ranar na ce ni ba zan sa wa 'yar Musulmi abin da ba zan iya cire mata cikin rabin awa ba. Amma in na tsaya kan wannan kaɗai, kuɗin yana wurin 'yan gari ne, su ke dawowa duk wata, namu sai biki sai sallah.

Akwai kuma abin da ya tsorata ni, kuma laifina ne. Watan jiya na yi gaggawa na sayi wata 'yar fitila mai araha da kwalaben jel guda huɗu a wani shago, ba sunan kamfani na kirki a jiki, ba lambar NAFDAC. Na riƙa gwadawa a hannun wata maƙwabciyarmu, mun yi sau uku. A na ukun gefen yatsunta ya yi ja, ya kumbura, yana ƙaiƙayi, fatar tana saɓa. Da ta je asibiti aka ce jikinta ne ya ƙi sinadarin, ta daina sa wa. Daga baya na karanta cewa idan jel bai bushe har ciki ba, ko ya taɓa fata yana ɗanye, sinadaran cikinsa irin su HEMA kan jawo haka, kuma in jiki ya riga ya ƙi su da wuya ya sake karɓa, har ya kan shafi wasu kayan da likitan haƙori ke cike haƙori da su. Ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kai tun 2018. Na kuma ga cewa Tarayyar Turai ta hana wani sinadari mai suna TPO a kayan kwalliya daga 1 ga Satumba 2025, wanda wasu jel ɗin ke ɗauke da shi. Maƙwabciyar tawa, baiwar Allah, ta yafe min, har tana tsokanata da likita, amma ni kunya nake ji duk lokacin da muka haɗu a famfo. Abin da na koya a nan shi ne saman jel yana iya yin tauri cikinsa ɗanye, kuma kamfanoni suna cewa a yi amfani da fitilar da aka yi don jel ɗinsu. To fitila da kwalabe na kamfani ɗaya, na asali, ba kuɗin wasa ba ne, ga dala kullum ita ke yanke farashi.

Wurare uku na je na gani. Na farko wata Madam ce a Ikeja, Bayarbiya mai kirki, wata shida ake yi a hannunta, har da share shago da aike, a ƙarshe a yi bikin yaye. Akirilik ne ƙarfinta, jel ɗan taɓawa take. Ta ce min wanda ya iya akirilik ya iya komai, kuma ko NEPA ta ɗauke ba ruwanta. Wannan maganar ta shiga kunnena, don a layinmu wuta sai ta ga dama, janareto kuma mai ya fi ƙarfina, duk da akwai fitila mai caji. Sai dai wata shida ba ƙunshi, wa zai riƙe gidan?

Na biyu makaranta ce wajen Yaba, mako uku, kuma jirgin ƙasan Red Line da ke bi ta Agege ya sauƙaƙa zuwa. Jel kaɗai suke koyarwa, mai laushi da na gini, da tsafta da tafasa kayan aiki, kuma suna ba da takardar shaida. Amma dole ka sayi akwatin kayan da suke aiki da shi a wurinsu, kuma kuɗin makarantar da akwatin zai lashe adashin da zan kwasa gaba ɗaya, ko kuɗin kujera ba zai rage ba. Ina tsoron in ɗaure kaina da kamfani ɗaya, ranar da kayansa ya yanke a kasuwar Trade Fair ko Balogun in zauna ina kallon kwalabe.

Ta uku wata 'yar Ilori ce, Musulma, a ɗakinta take aiki. Ita ba ta taɓa hannun kowa ma. Tana auna farcen mace, ta zana farcen roba da jel, ta busar, ta sa a kwali ta aika, mai shi ta manna da ɗan danƙo mai fuska biyu, in lokacin sallah ya yi ta jiƙa a ruwan ɗumi ta cire ta ajiye. Instagram ce kasuwarta. Da ta ga hoton lallena sai ta ce in na iya zana wannan furen a tafin hannu, a kan farce wasa ne. Gaskiya zuciyata ta fi kwanciya da ita, kuma nata ya fi araha. Yayana ne ya sa min shakku, ya ce wannan ba sana'a ba ce, zane ne, duk ranar da 'yan China suka cika kasuwa da irinsa na tashi aiki. Ya ce in koyi mai wuyar tukuna, mai sauƙin zai biyo baya. Shi ma ba a banza yake magana ba, acaɓa yake yi kafin a hana shi a Ikeja da Surulere da su Apapa a 2022, ya san yadda abinci ke kuɓucewa dare ɗaya.

Adashin zai zo kaina ƙarshen wata mai zuwa, kuma in na kwasa sai bayan wata goma. Shi ya sa nake ta juya abin. In fara da jel mai laushi da farcen mannawa irin na 'yar Ilori, in riƙe amaren da nake da su, PolyGel ya biyo baya in hali ya yi? Ko in rufe ido in biya makarantar, in fito da takarda da hannun da zai iya karɓar kowa? Takardar nan ma, Anti, a sana'ar hannu tana da wani amfani, ko hoton aikinka ne kawai ke kawo mutane?

Tambaya ta ƙarshe, in da hali ki miƙa min ita ga malamin da kike gayyatowa. In mace ta zo ta ce in sa mata jel mai daɗewa, na san Musulma ce, ban san ko tana sallah a kwanakin ba, wajibi ne in tambaye ta? In na faɗa mata hukuncin ta ce ta ji ta gani, ni na fita, ko ina da kamasho a ciki? Kuɗin da na karɓa fa? Ba na son in gina sana'a a kan abin da zan riƙa jin nauyinsa duk lokacin da na ɗaura alwala.

Don Allah kada a ambaci layinmu a shirin, maƙwabciyar tawa ma tana saurare. Inna tana gaishe ki ƙwarai.

Taki,
Mai ƙunshi daga Agege, Legas