Amsar tambayarka kan zaman Ingila

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya yara, ya ƙafar Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Saƙonka ya same ni ina aikin dare, na so in kira sai na ga maganar ta fi ƙarfin waya, gara in zauna in rubuta maka. Ka ce ƙaninka ya samu gurbin karatu a nan amma ka ga bidiyon dandazon da Tommy Robinson, wani ɗan gwagwarmayar ƙin jinin baƙi, ya tara a Landan a watan Satumban 2025 hankalinka ya tashi, wai da gaske ne Turawa sun tsani baƙi, kuma mu da muke zaune me muke cewa. To bidiyon dai ba haɗi ba ne, mutum sama da dubu ɗari ne suka fito ranar. Amma abin da mu baƙin muke cewa, wallahi bakinmu ba ɗaya ba ne, kuma wannan ɗin ya fi damuna a kan taron shi kansa.

Bari in fara maka da abin da ya faru a nan Middlesbrough don ka gane inda na dosa. Ranar 29 ga Yulin 2024 wani yaro ɗan shekara 17 ya shiga wajen koyon rawa a garin Southport ya kashe yara mata uku da wuƙa. Kafin gari ya waye an cika intanet da cewa Musulmi ne, ɗan neman mafaka da ya tsallako teku ya shigo ta kwalekwale. Ƙarya ce tsagwaronta, a Cardiff aka haife shi, iyayensa 'yan Ruwanda ne, amma kafin gaskiya ta fito an riga an far wa masallacin Southport, daga nan abin ya bi gari gari, Hartlepool, Sunderland, duk nan kusa da mu. Lahadi 4 ga Agusta ta iso mana. Suka taso daga Linthorpe Road suka shiga unguwannin da baƙi suka fi yawa suna fasa tagogin gidaje suna ƙona motoci, har wasu suka tsaya a mahaɗar titi suna tare motoci suna leƙa direba suna tambaya Bature ne ko ba Bature ba. Ni ranar ina gida na kashe fitila na ja labule, matata ta kwantar da yara a ɗakin baya saboda shi ba ya kallon titi, muna jin ihu da ƙarar gilashi, wayata kuwa sai ƙara take, 'yan guruf ɗinmu kowa na tambayar kowa kana ina. A ranar ne kuma aka yi yunƙurin cinna wa wani otal wuta a Rotherham da masu neman mafaka a ciki. Washegari ma'aikatar harkokin wajen Najeriya ta fitar da gargaɗi ga masu zuwa Birtaniya, abin da muka saba gani su suna yi a kanmu.

Abin da nake so ka riƙe shi ne masu tare motocin nan ba su tambayi kowa biza ba. Ba su ce kai likita ne ko ɗalibi ko ta ruwa ka shigo ba, fuska kawai suke kallo.

Na faɗi haka ne saboda wani abokin aikina, mutumin kudu ne, nas, mutumin kirki ne wallahi a mu'amala, amma duk sanda muka zauna shan shayi lokacin hutu maganarsa ɗaya ce, wai 'yan kwalekwale ne suka ɓata mana suna, shi ya sayar da filinsa ya biya kuɗin biza ya bi layi, su kuwa sun shigo a ɓagas an ajiye su a otal, don haka shi a ganinsa Nigel Farage, ɗan siyasar nan mai adawa da shigowar baƙi, yana da gaskiya. Kuma ba shi kaɗai ba ne, akwai Indiyawa da 'yan Afirka da yawa masu wannan ra'ayin, har cikin namu. Na fahimci zafin da yake ji, don zaman nan da tsada, mai bizar aiki yana biyan fam 1,035 duk shekara kuɗin asibiti, ɗalibi 776, mu masu aikin kula da tsofaffi da ma'aikatan lafiya an ɗauke mana, sannan a takardarka an rubuta ba ka da haƙƙin tallafin gwamnati ko da kuwa kana biyan haraji duk wata. Amma abin da ya kasa gani shi ne jam'iyyar Farage ɗin, Reform, ita ce a Satumban 2025 ta fito ta ce in ta hau mulki za ta soke takardar zaman dindindin gaba ɗaya, har waɗanda suke da ita sai sun koma neman biza. To wa wannan zai taɓa in ba shi da ya bi layi ba? Na faɗa masa haka sai ya ce ai siyasa ce ba za su yi ba.

Su 'yan otal ɗin ma fa ba daɗi suke ji ba. Akwai wani yaro da muke haɗuwa a masallacin Juma'a, ɗan Sudan ne, rannan na ji yana waya da Hausa sai na tsaya, ashe Bahaushen can ne, kakanninsa a hanyar Makka suka yada zango suka zauna. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ne ya koro shi, ya bi ta Libiya da Italiya da Faransa. Doka ta hana shi aiki yana jiran hukunci kan takardarsa, abin da ake ba wanda ke otal ana ciyar da shi bai kai fam 10 ba a sati. Yaron nan makaniki ne, hannunsa duk tabon aiki, ya ce min shi abin da yake so kawai a bar shi ya kama sifana. Ra'ayinsa kan siyasar ƙasar nan bai wuce tsoro ba, ba ya ma bambance jam'iyyar Leba da ta Reform, duk wanda ya gani a talabijin ana maganar kwalekwale ya san da shi ake.

Sai kuma namu mutanen, 'yan arewa, mu ba mu da yawa a nan kuma yawancinmu ra'ayinmu shi ne ba ruwanmu. Wani dattijo cikinmu kullum cewa yake baƙo raɓa ɗan gari kaba, ka yi karatunka ka tara abin da za ka tara ka koma gida, kar ka sa baki a rigimar masu ƙasa. Ina girmama shi amma a nan ban yarda da shi ba. Shi kansa 'ya'yansa a nan suka girma, Turancinsu irin na 'yan garin nan ne, Hausarsu sai a hankali, ina za su koma? Kuma ga wani abu da nasan ba ka sani ba don mu ma da yawanmu a nan ba su sani ba: ɗan Najeriya da ke zaune bisa ƙa'ida yana da ƙuri'a a ƙasar nan, ko da bizar ɗalibi ce, saboda muna cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Zaɓen kansila, zaɓen ɗan majalisa, duka. Ɗan Ghana ma haka, ɗan Kamaru haka. Ɗan Nijar da ɗan Sudan ne ba su da ita. Rajistar a waya ake yi cikin 'yan mintuna, ranar zaɓe ka je da fasfonka. Amma ka tambayi mutum goma a cikinmu da ƙyar ka samu waɗanda suka yi, alhali a Mayun 2025 da ratar ƙuri'a 6 kacal Reform ta ci kujerar majalisa ta Runcorn, ƙuri'a 6 fa, mutanen gida ɗaya kenan. A zaɓen ƙananan hukumomi na ranar ne kuma suka karɓe majalisar yankin Durham da ke maƙwabtaka da mu, wurin da Leba ta yi kusan shekara ɗari tana juyawa.

Dubi 'yan Pakistan da 'yan Indiya Musulmi, su sun daɗe da gane wannan. A zaɓen Yulin 2024 da suka ji haushin matsayin Leba kan Gaza ba su tsaya ƙorafi a masallaci kawai ba, sun tsayar da 'yan takara masu zaman kansu sun kayar da Leba a Blackburn da Leicester ta Kudu da Dewsbury da wata mazaɓa a Birmingham, har Jonathan Ashworth da ake sa ran zai zama minista ya rasa kujerarsa. Tun daga lokacin ake lissafi da su.

Kar ka ce ko Leba nake wa kamfen, a'a. Gaskiya ne Keir Starmer na Leba yana hawa kujerar firaminista ya soke shirin kwashe masu neman mafaka zuwa Ruwanda, kuma lokacin tarzomar kotuna sun yi aiki da sauri an ɗaure mutane da yawa. Amma shi ne dai a Mayun 2025 ya ce ƙasar na neman zama tsibirin baƙi da ba su san juna ba, daga baya ya ce ya yi nadamar kalmar, amma dokokin da ya zo da su ranar suna nan. An rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje a Yulin 2025. Shekara 5 da aka ce mana in mun yi za mu nemi zaman dindindin ana so a mayar da ita 10, mu masu irin aikina ma ana maganar 15. Wannan shi ne yake hana mu barci fiye da masu ihu a titi, don mai ihu zai gaji ya tafi gida, amma ka tsara rayuwarka da ta 'ya'yanka a kan alƙawari sai ana dab da kaiwa a ce an matsar da layin, kuma duk tsawon shekarun bizarka tana hannun kamfanin da ya ɗauke ka, in manaja ya taka ka sai dai ka haɗiye don in ya sallame ka kwana 60 gare ka ka samu wani ko ka tattara.

Ita kuwa Kemi Badenoch, shugabar jam'iyyar Konsabatib, na san labarinta ya iso ku. A Legas ta tashi, ta dawo nan tana shekara 16, kuma ita ce a ƙarshen 2024 bayan cacar bakinta da Kashim Shettima ta ce ita Bayarabiya ce babu abin da ya haɗa ta da mutanen arewa, ta haɗa mu da Boko Haram ta yi mana kuɗin goro. Ranar na ji ciwo sosai, saboda mu ne Boko Haram ta fi kashewa, kuma Baturen da ya ji wannan daga bakin wadda yake ganin 'yar ƙasarmu ce ai ya samu hujja. A wurin aiki sai da wata ta tambaye ni wai ni daga wancan ɓangaren nake.

Duk da haka zan zama azzalumi in na ce maka Turawan nan duk haka suke. Washegarin tarzomar mutanen gari ne suka fito da tsintsiya da shebur suka share titunan, a Southport ma su suka sake gina katangar masallacin. Maƙwabciyata Baturiya ta ƙwanƙwasa mana ƙofa ta ce in muna tsoron fita ta je ta yi mana cefane. Kuma talaucin da suke kuka da shi gaskiya ne, garin nan yana cikin mafi talauci a Ingila, masana'antar ƙarfe ta Redcar da ta riƙe yankin an rufe ta a 2015 dubban mutane suka rasa aiki, layin jiran asibiti a Ingila ya haura miliyan 7, haya kullum hawa take. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce ni na jawo. Akwai wata tsohuwa da nake kula da ita, ta haura tamanin, ni nake ɗaga ta in ba ta magani in haɗa mata shayi yadda take so, madara kaɗan ba suga. Rannan ana nuna kwalekwale a labarai sai ta ce duk a mayar da su inda suka fito sun cika ƙasa, tana faɗa hannunta na cikin nawa, sai ta juyo ta ce ba da kai nake ba ɗana, kai namu ne. Kuma da gaske take har zuciyarta, ni ma ina ƙaunarta. Amma ƙuri'ar da za ta jefa ba za ta ware ni ba, dokar da za a yi da ita ni za ta fara kamawa.

To game da ƙaninka, ni ban ce kar ya zo ba, karatun yana da kyau kuma yawancin ranaku lafiya lau za ka fita ka dawo ba wanda ya kalle ka. Amma ya sani tun Janairun 2024 mai digiri na biyu na kwas ba ya zuwa da iyali, sai masu bincike da digirin digirgir, don haka in yana shirin tahowa da amaryarsa ya sake lissafi. Kuɗin makarantar kuma ya tabbatar suna hannu a fam kafin ya taso, kar ya dogara da zai yi aiki ya biya, awa 20 kawai aka yarda ɗalibi ya yi a sati lokacin karatu, kuma ka san yadda naira ta yi da mutane. In ya iso ni da kaina zan zaunar da shi ya yi rajistar zaɓe a satin farko, kamar yadda nake bin 'yan guruf ɗinmu ɗaya bayan ɗaya yanzu har wasu sun fara gudun kirana, amma ba zan daina ba. Ka ba shi lambata ya kira ni ranar Lahadi da yamma, ranar ba na aiki, kuma ya turo min takardar makarantar in duba garin da za shi.

Ka gaida Hajiya da kyau ka ce ina neman addu'a, ka gaida maiɗakinka da yara da duk 'yan majalisa.

Naka har kullum.