Wasiƙa Daga Birnin Damagaram Zuwa Ga Aminina Na Zariya

Unguwar Birni, Damagaram.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da uwargida da yara da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarka. Mu nan sai godiyar Allah. Inna ta ce in gaishe ka da kyau, ta kuma ce in shaida maka cewa muryarka da take ji a waya ba ta gamsar da ita ba, ƙafarka take so ta gani a zaurenmu. Na zaɓi in zauna in rubuta maka doguwar wasiƙa maimakon ɗan saƙon muryar da muka saba aika wa juna, domin maganar da ke bakina tana bukatar shimfiɗa, kuma a ƙarshenta akwai roƙo.

Damina ta yi mana sauƙi bana, an kuma kammala girbi lafiya. Hatsin gonarmu ta hanyar Mirriya ya shiga rumbu, wake ma an samu abin da zai kai mu wani wuri, ko da yake gyaɗa ba ta yi abin kirki ba. Yanzu hunturu ya sauka da ƙurarsa, har da safe ba ka iya hango duwatsun bayan gari sosai, yara kuwa sai an yi da gaske kafin su rabu da bargo su tafi makarantar allo. Batun ruwa yana nan yadda ka bar shi. Ka san garinmu a kan dutse yake zaune, rijiya ba ta cika yin albarka a cikinsa ba, shi ya sa tun da daɗewa ake jawo mana ruwa daga Gogo da Machaya, daga baya aka ƙara da na Ganaram; dattawa ma suna cewa ƙarancin ruwan yana cikin dalilan da suka sa Turawa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga nan suka mai da shi Yamai a 1926. Idan famfo ya kawo cikin dare, uwargida takan tashe mu duka a cika randuna da jarkoki, idan kuwa ya yi shiru sai mu saurari ƙarar kurar 'yan ga-ruwa a bakin ƙofa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Inna. Idonta ya yi rauni ƙwarai, har ba ta iya tsince tsakuwa daga shinkafa, alkakin da ka san ta da shi ma sai dai ta zauna a kan tabarma tana ba surukarta umarni. Dare yana yi mata tsawo, domin barci ba ya ɗaukar ta da wuri, kuma ta gaji da rediyo. Wata rana ina neman takardar gona a cikin tsohuwar akwatin ƙarfen marigayi Baba, sai hannuna ya faɗa kan littafinmu na Magana Jari Ce, littafi na ɗaya, wanda ni da kai muka yi tarayya a kansa muna yara. Bangon jan fatar da baduku maƙwabcinmu ya ɗinka masa yana nan daram, har zaren bai saki ba, sai dai gara ta ci gefen wasu shafuffuka, kuma tabon miyar kukar da ka ɗiga a kan labari na farko bai goge ba har yau. A daren nan bayan sallar isha na karanta wa Inna ɗan abin da ya sawwaƙa, tun daga ranar kuwa ba ta yarda a kwanta ba a yi karatu ba.

Na tabbata ba ka manta yadda littafin ya zo hannunmu ba. Kawunka mai fataucin Kano ne ya taho da shi a cikin ƙunshin atamfa, ya miƙa mana yana cewa tun da mun iya karatun Nasara, sai mu karanta masa ya ji. A lokacin karatu iri biyu muka sani: na allo, wanda malam ke biya mana da asuba da kuma bayan magariba a gindin wutar kara, da na lakwal, wato makarantar boko, inda mushe, malaminmu, ke tsare mu da littafin Faransanci na Mamadou et Bineta, kuma duk wanda aka ji bakinsa ya furta Hausa a cikin aji ya san sauran. Ba mu taɓa tsammanin cewa maganar da Inna ke yi a bakin murhu ana iya buga ta a takarda da haruffan boko, a yi mata bango, a sayar a kasuwa ba. Kai ne ka fara buɗe shi, ka shiga karanta shi da lafazin Faransanci, kawu yana ta dariya har hularsa ta faɗi, kafin daga baya mu gano da kanmu yadda ake bi da haruffan nan masu lanƙwasa waɗanda babu su a cikin kayen makaranta. Babu malamin da ya koya mana, sai dai idan kalma ta ƙi faɗuwa mu yi ta juya ta a baki har ta koma abin da kunne ya sani.

Abin da na fi tunawa shi ne zauren gidanku da fitilar ƙwai. Kananzir na dala biyu muke saye, mu rage lagwani don ya daɗe, mu haɗa kai a kan shafi ɗaya har gashin goshinmu ya riƙa ƙauri. Kafin mako ya zagayo, zauren ya cika da mutanen da ba su taɓa shiga aji ba: almajiran malam, da mai gadin kantin bakin titi, da tsohon nan makaho wanda yake zuwa da sandarsa tun kafin a gama cin tuwo don ya kama wuri kusa da mai karatu. Shi ne ba ya barin a wuce wuri, idan aku ya kawo wani labari don ya hana Musa ɗan sarki fita, sai ya daki ƙasa da sanda ya ce a maimaita, idan kuma aka ambaci makircin waziri sai ya yi ta tsine masa kamar yana zaune a gabansa. Kuma ka tuna shafuffukan ƙarshe sun ɓace tun a hanya, saboda haka kowa a zauren yana da irin ƙarshen da ya ga ya dace, har akan yi musu a kai, wani ma ya tashi da fushi. Sai da muka girma muka san cewa Abubakar Imam ne ya rubuta shi a ƙarshen shekarun 1930, kuma littattafai uku ne, mu ɗaya kawai ya iso mana.

Yanzu ni da 'ya'yana muke karɓa-karɓa wajen karanta wa Inna, kuma a nan ne na ga abin da ya tsaya mini a rai. Babban ɗana yana jami'ar nan ta garinmu, Faransanci a bakinsa kamar ruwa, amma da na miƙa masa littafin sai ya riƙa tuntuɓe a kowane layi, ga shi kuwa kullum yana rubuta Hausa a waya da abokansa, kowa da irin rubutun da ya ga dama. Ƙanwarsa ce ta fi shi saurin kamawa, domin ita ba ta jin kunyar a gyara mata, kuma Inna ce mai gyaran: ba ta ga harafi ko ɗaya, amma da an karkata kalma za ta ɗaga hannu ta faɗe ta daidai, ta kuma ƙara da bayanin abin da ake nufi da ita a zamaninsu. Autanmu kuwa yakan yi barci a cinyarta tun ba a kai rabi ba, da safe ya dame ni da tambayar yadda aka ƙare. Abin mamaki a wurina shi ne a nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko a ƙasar nan mai koyarwa da Hausa tun 1973, a 2025 kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma har yanzu idan ka zagaya Kasuwar Dole ranar Alhamis, littattafan addini da na lakwal za ka fi gani, na hikaya da Hausa sai an tona. A ganina doka ba za ta sa yaro ya so karatu ba idan bai taɓa jin wani babba a gidansu yana karantawa da murya, mutane suna dariya ba.

To, ga roƙon nawa. Tun da Allah ya zaunar da kai a garin da aka buga waɗannan littattafai, ina so ka nemo mana Magana Jari Ce duka ukun, ka haɗa da Ruwan Bagaja idan ya samu, domin na ba yara labarin Malam Zurƙe na cikinsa da ka, sun ce ba su yarda ba sai sun gani a rubuce. Idan akwai bugu mai manyan haruffa, shi na fi so. Kada ka aiko ta gidan waya. Ka ba direbobin da ke tasowa daga Kano ta Daura da Matamai, ka rubuta sunana a kan ƙunshin, zan sa yaro ya tare su a tasha. Ka faɗa mini kuɗin a naira, ni zan san yadda zan lissafa shi a jaka in aiko maka, kuma ban yarda ka ce kyauta ce ba, domin wancan na farko ma kawunka ne ya biya.

Uwargida tana gaida uwargidanka, ta ce akwai kuka da kuɓewa busasshiya da ta ajiye mata, za ta ba duk wanda ya kawo littattafan. Ka gaida yara ɗaya bayan ɗaya, ka gaida maƙwabta. Idan hali ya yi, ka yi ƙoƙari ka zo mana da Sallah ƙarama, a yi hawa a ƙofar fada kana nan. Allah ya bar zumunci, ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Naka amini,
daga Birni.