Masu tsara wasan almara na kan tebur, ku bar wa 'yan wasa zaɓinsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wani wasa da wasu daga cikin matasanmu suka fara cin karo da shi a intanet, wato wasan almara na kan tebur, musamman a kan yadda ake tsara labarin da za a buga a cikinsa. Abin da nake son duk mai niyyar tsara irin wannan labari ya gane shi ne, fargabar da ke riƙe ɗan wasa a kan kujera har dare ya raba daga zaɓinsa take fitowa, kuma duk wanda ya rubuta ƙarshen labarin tun kafin a zauna, to ya kashe zaɓin da fargabar baki ɗaya.

Ga wanda bai san wasan ba, mutum 4 ko 5 ne suke zama kewaye da tebur, kowa da takardar da aka rubuta ƙarfi da rauni da kayan jarumin da yake wakilta, sai mutum guda ya zama jagora, shi ne mai bayyana duniyar da suke ciki, mai magana da bakin sarki da ɗan kasuwa da dodo. Idan aka zo wurin da ba a san ko abu zai yiwu ba, sai a jefa ɗan lido ya raba gardama, akwai mai fuska 6, akwai har mai fuska 20, kuma ba a sa kuɗi, ba wanda yake cinye wani. Wanda ya fi shahara shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a shekarar 1974 a garin Lake Geneva da ke jihar Wisconsin ta Amurka, bugun farko kwafi 1,000 kacal. A tatsuniyarmu, da an ce ga ta nan ga ta nanku, an amsa ta zo mu ji ta, aikin yara ya koma sauraro har a kai ƙurunƙus. A wannan wasa kuwa, da jagora ya gama bayyana wuri sai ya dubi 'yan wasa ya ce, "Me za ku yi?" Duk gwanintar mai tsarawa tana cikin yadda zai sa wannan tambaya ta yi nauyi.

Magabatan wasan sun gane cewa lokaci ne yake ba zaɓi nauyi. A bugun ƙa'idoji na 1981 wanda Tom Moldvay ya shirya, an yanka tafiya a cikin kogo gida-gida, kowane gida minti 10. Itacen wutar da jarumai suke haska hanya da shi gida 6 yake yi ya cinye. Duk bayan gida 2 jagora zai jefa ɗan lido, idan 1 ya fito sai wani dodo mai yawo ya ɓullo musu, kuma irin wannan dodo ba kasafai yake ɗauke da dukiya ba, faɗa da shi asara ce zalla. Laluben ƙofar sirri a jikin bango gida guda yake ci. Mafi yawan makin da jarumi yake ƙaruwa da shi daga zinaren da ya fito da shi ne, kowane ƙwandala maki guda, alhali zinaren yana da nauyi, kuma mai kaya da yawa tafiyarsa tana raguwa. Ka duba yadda waɗannan ƙananan ƙa'idoji suka sarƙe da juna: wanda ya tsaya bincike ya ƙone wutarsa, wanda ya yi gaggawa ya taka tarko, wanda ya kwashi dukiya ya yi nauyin gudu. Mai tsarawa bai rubuta ko layi guda na tashin hankali ba, amma tashin hankalin yana nan yana jira.

Na ga aikin wannan tsari da idona a wani zama da muka yi da abokai. Jarumai 4 sun isa wani ɗaki da akwatin zinare a tsakiya, itacen wutarsu na ƙarshe saura gida guda ya mutu, ɗaya daga cikinsu ya ji rauni sai an ɗauke shi, ga kuma sautin takun ƙafa daga lungun da suka baro. Ba za su iya ɗaukar akwatin da mai raunin tare ba. Wanda aka raunata jaruminsa ya ajiye fensirinsa ya ce su tafi da zinaren su bar shi, ɗan'uwansa ya buga tebur ya ce wallahi ba za a yi haka ba, na ukun yana ta lissafin taku nawa ne zuwa bakin kogon, shayi ya huce a gabansu ba wanda ya tuna da shi. Gaba kura baya sayaki, kuma jagora bai ce musu uffan ba, don shi kansa bai san abin da za su yanke ba. Daga ƙarshe suka cika aljihunsu da abin da ya samu, suka saɓi abokinsu, suka fita a cikin duhu suna dafa bango.

Sai dai zaɓi ba ya zama zaɓi idan ɗan wasa bai san komai game da abin da ke gabansa ba. Ƙofa biyu iri ɗaya, ba alama, ba sauti, ba wari, wannan canki-canki ne kawai. Ɗan littafin The Keep on the Borderlands, wanda Gygax ya rubuta aka fitar a 1979, ya nuna yadda ake yi. Akwai wani kwari mai bakunan koguna 11, ƙabilun dodanni daban-daban suna zaune a ciki, wasu suna ƙawance, wasu suna gaba da juna, kuma kogunan da ke ƙasa kusa da mashiga sun fi sauƙi, na sama da na can ciki sun fi haɗari, don haka ido kaɗai yana gaya wa 'yan wasa wani abu. Kafin su tashi daga ganuwar da suke sauka a ciki zuwa kwarin suna jin jita-jita daga cikin guda 20 da aka tanada, wasu gaskiya wasu ƙarya, har da wadda take cewa wani ihu da ƙananan dodanni ke yi miƙa wuya ne, alhali kiran ɗauki ne. Akwai kuma wani ƙaton dodo da ƙananan suke saye da buhu mai ɗauke da ƙwandalar zinare 250 ya yi musu faɗa, wanda idan 'yan wasa suka ba shi fiye da haka zai iya karɓa ya koma raminsa. Littafin bai faɗi kogon da za a fara shiga ba, bai faɗi yadda labarin zai ƙare ba. Haka Jennell Jaquays ta yi a Caverns of Thracia a shekarar, ta zana kogo mai mashiga fiye da ɗaya da hanyoyi masu zagayowa su haɗu, yadda taswirar kanta take ba mutum damar kewaye haɗari ko ɓullo masa ta baya.

Ina da ja a kan wani littafin labarin wasa, Tomb of Horrors na 1978, duk da sunan da ya yi. Akwai wata fuskar shaiɗan koriya a jikin bango da baki buɗe, duk jarumin da ya shiga bakin ya hallaka nan take. Gygax ya tsara shi ne don gasa, don ya gwada gogaggun 'yan wasa, kuma ya sa alamu ga mai lura, amma masu kwaikwayonsa da yawa kisan suka ɗauka suka bar alamun. Mutuwar da ba gargaɗi kafinta tsoron taɓa komai take koya wa 'yan wasa, sai ka ga sun shafe awa guda suna zungurar ƙasa da sanda, wasan ya tsaya cak.

Ɗaya ɓangaren kuskuren ya fi yawa a yau, kuma shi ne na fi jin tsoro ga marubutanmu. A 1984 kamfanin TSR, wanda yake buga wasan a lokacin, ya fara fitar da jerin labaran wasa na Dragonlance, tare da littattafan ƙagaggen labari da Margaret Weis da Tracy Hickman suka rubuta a kan jarumai guda. Da yake dole wasan ya tafi daidai da labarin, sai aka sa rundunonin abokan gaba suna mamaye taswira suna kora 'yan wasa zuwa inda ake so su je, aka kuma kafa ƙa'idar cewa idan wani jigo a labarin ya mutu kafin lokacinsa, a yi yadda ba za a ga gawarsa ba, domin ya dawo daga baya. Jerin ya samu kasuwa sosai, kuma ban raina ƙoƙarin da aka yi na kawo soyayya da sadaukarwa cikin wasan da a da neman dukiya ne kawai ba. Amma ranar da ɗan wasa ya gane cewa jaruminsa ba zai mutu ba, kuma mugun ba zai faɗi ba sai a babin da aka rubuta masa, daga ranar zuciyarsa ta daina bugawa idan an jefa ɗan lido.

Akwai wanda ya fi wannan muni saboda a ɓoye ake yin sa. Jagora ya ce hanya ta rabu biyu, dama ko hagu, alhali ya riga ya ƙudurta cewa duk wadda suka bi dodon nan guda za su tarar. Ko ya jefa ɗan lido a bayan kariyar takardarsa, ya ga abin da ya fito zai ɓata masa shiri, sai ya faɗi wani adadi daban. Masu kare wannan ɗabi'a suna cewa 'yan wasa ba za su sani ba, kuma daɗinsu ake nema. Ni kuwa ina ganin cin amana ce ga mutanen da suka ba ka darensu bisa yardar cewa shawararsu tana da tasiri, kuma ba a daɗewa suke ganewa. Da zarar sun gane, sai su daina shawara a tsakaninsu, su jingina da kujera su ce, "To, ina kake so mu je?"

Na san za a ce idan aka sakar wa 'yan wasa ragama labarin zai watse, a kwana ana yawo ba a kai ko'ina ba. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma tana da magani wanda bai taɓa zaɓin kowa ba. A ba mugun buri da jadawali: idan ba a tare shi ba, a rana ta 3 zai kama manzon sarki, a rana ta 7 zai ƙone gadar, sai 'yan wasa su zaɓi inda za su tsaya masa, su kuma ɗauki asarar inda suka bari. Labarin wasa na Ravenloft, wanda Tracy da Laura Hickman suka rubuta aka fitar a 1983, ya yi kusan haka: maye mai shan jini, Strahd, yana farautar jarumai a cikin fadarsa bisa wata manufa tasa, kuma ana cakuɗa karta ne a fitar da manufar da wuraren da makaman da za a yaƙe shi da su suke ɓoye, don haka wasan yana canzawa duk lokacin da aka sake shi. John Harper, a wasansa Blades in the Dark na 2017, ya fito da jadawalin fili: a zana da'ira a kan takarda a yanka ta gida 4 ko 6 ko 8, duk kuskuren da aka yi a cike gida, kowa yana kallo, idan ta cika masu gadi sun farga. Shi kuma Justin Alexander, wani mai rubutu a kan irin wannan wasa, ya ba da shawara tun 2008 cewa duk gaskiyar da ake so 'yan wasa su gano a ajiye mata alamu aƙalla 3 a wurare daban-daban, don kada rasa guda ya toshe tafiyar.

Muna da marubutan littattafan yaƙi da na almara waɗanda suka iya gina birni da fada da daji mai ban tsoro, kuma da za su juya ga wannan wasa da sun yi abin a zo a gani. Abin da zai fi ba su wuya shi ne riƙe alƙalami a inda suka saba sakin sa. Aikin a nan shi ne a zana wurin da mashigansa, a rubuta su wane ne a ciki, me kowa yake so, wa yake tsoro, me zai karɓa ya sauya sheƙa, me zai faru idan jarumai ba su zo ba, sannan a tsaya. Ina kira ga wannan jarida ta ware shafi guda a filinta na adabi, ko sau ɗaya a wata, ta riƙa buga taswira da bayanin wuri guda da Hausa, masu karatu su buga a gidajensu su aiko da labarin yadda ta kaya musu.

Wassalam.

Naku,
Mai karanta jaridarku, daga Kano