A Ware Kuɗin Bincike Domin Masana Halayyar Ɗalibai

Edita,

Ka ba ni dama in yi kira ga Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta ɗora wa nauyin tallafa wa manyan makarantu da harajin kamfanoni. Idan an zo rabon kuɗin bincike, a ware kaso domin horar da masana halayyar ɗalibai.

Tun rikicin 2001, Jos ba ta rasa yaran da suka ga tashin hankali da idonsu ba. Za ka ga yaro an buga ƙofar aji ya zabura, ko ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi ba. Sai a ce daƙiƙi ne a ɗauko bulala, alhali gwaji zai iya nuna matsalar ji ce ko firgici.

Jami'ar Jos tana da sashen ilimin halayyar ɗan Adam da na ilimin masu buƙata ta musamman. A ba ɗalibanta na digiri na biyu tallafi su yi horo a makarantun gwamnati, su kuma tsara gwaje-gwaje da Hausa da Birom, domin yawancin waɗanda ake amfani da su daga Amurka da Ingila suka fito.

Malamar firamare,
Jos