Ƙarfin Damtse Da Juriyar Masu Tura Keken Alhazai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili domin in ja hankalin matasanmu na Makka masu tura keken tsofaffi tsakanin Safa da Marwa, inda sawu 7, zuwa sawu ɗaya dawowa sawu ɗaya, ya kai kimanin kilomita 3.

Da yawansu suna ganin wanda ya fi ɗaga ƙarfe mai nauyi shi zai fi daɗewa yana turi. Akwai gaskiya a ciki, domin mai ƙarfin ƙirji da kafaɗa kaɗan yake kashewa daga ƙarfinsa a kan keke ɗaya, saboda haka ba ya saurin gajiya. Amma ƙarfin fizgar keke a hawan Safa na ɗan lokaci ne, juriya kuwa ba ta samuwa sai tsoka ta saba maimaita aiki mai matsakaicin nauyi, har ƙananan hanyoyin jini su yawaita a cikinta. Na sha ganin ƙato hannunsa yana rawa kafin ya kammala, alhali ga tsohuwa zaune a keken, kuma wannan abin tsoro ne.

Ina roƙonsu su riƙa haɗa atisayen biyu tun kafin lokacin Hajji.

Wassalam,
Mai karatu daga Makka