A ina za mu gwada murhun da muke ƙerawa?

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Tun daren Talata da na saurari shirinku raina yake a ɓace. Baƙon naku ya ce murhunan da maƙeran gida ke yi ba su da inganci domin ba a gwada su ba, mai gabatarwa kuma ya amsa masa ya wuce. Ba wanda ya tambaye shi a ina za a gwada su.

Ni maƙeri ne a Kura. Shekara 11 ke nan ina ƙera murhu mai cin gawayi kaɗan: jikinsa ƙarfe, cikinsa a shafe da yumɓu, ga ƙofar iska a ƙasa. Daga baya na fara dunƙula gawayi da buntun shinkafar da injinan garinmu ke tulawa a bayan gari. Mu babbaka shi a cikin duro, mu daka, mu kwaɓa da kokon rogo, mu matse, mu shanya. In zan gwada, sai in ari sikelin mai nama in auna gawayi, in zuba ruwa lita 5 a tukunyar maiɗakina, in duba agogon waya har ya tafasa, sannan in sake auna abin da ya rage. Hayaƙi kuwa ba ni da ma'auninsa sai idonta. In ta soma hawaye, na san akwai gyara. Iyakar abin da nake da shi ke nan, kuma kowane maƙeri da na sani haka yake yi.

Bara wata ƙungiya ta zo neman murhu 200 don rabawa matan karkara. Hajiyar da suka turo ta zauna a kan bencina, ta dafa shayi da hannunta, ta yaba. Da za ta tashi sai ta ce in kawo takardar gwaji. Ba ni da ita. Aikin ya tafi ga wanda ya shigo da nasa daga waje a cikin kwali da takarda a manne. A cikin yara uku da ke koyon sana'a a wurina, biyu na sallama a watan nan.

Na bincika, aka ce mini akwai ɗakin gwajin murhu a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Najeriya da ke Nsukka. Madalla da su. Amma ranka ya daɗe, ka lissafa: tafiyar yini guda a mota da murhu da buhun gawayi, kuɗin masauki, kuɗin gwaji, ga shago a rufe. In suka ce ƙofar iskar ta yi faɗi, in dawo in gyara in sake komawa. Wane maƙeri ne zai iya?

Kayan aikin kuma ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai rumfar da ke zuƙe hayaƙi, da na'urar da ke auna ƙurar da ke shiga huhu, da mai auna iskar gubar nan wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tun 2018 aka fitar da ƙa'idar duniya ta gwajin murhu, a 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar girki mai tsafta. Duk a takarda. A Kura ba kowane manomi ke da injin casa ba, kowa ya kai shinkafarsa ya biya. Haka muke so: ɗakin gwaji ɗaya a Kano ko Zariya, maƙeri da mai dunƙula gawayi da ɗalibin jami'a kowa ya kai nasa ya biya abin da zai iya. Ga Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato nan a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun 1982, masana muna da su.

Ba don kwangila kaɗai nake magana ba. Da hunturu mutane na shigar da kaskon wuta ɗaki don jin ɗumi, su rufe ƙofa da taga. Shekara biyu da suka wuce, da asuba aka fito da maƙwabciyata da 'ya'yanta biyu a sume. Allah ya yi da sauran kwana. Ba gawayina ba ne, amma tun ranar duk wanda ya sayi nawa sai na roƙe shi kada ya kwana da shi a ɗaki, domin ni da nake yin sa ba a taɓa auna mini yawan gubar da yake fitarwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin cikin gida na kashe mutum kimanin miliyan 3 a kowace shekara. Ina so a auna mini. In nawa na cutar da mutane, a gaya mini in gyara.

Ku sake gayyato baƙon nan, ku zaunar da maƙeri kusa da shi.

Sannan layin wayar da kuke bayarwa. Sau 9 na kira a daren, ba a ɗauka ba, alhali mutum uku da kullum muke jin muryarsu duk sun shiga sun yi gaishe-gaishe har lokaci ya ƙare. A duba wannan, don Allah.

Wassalam,
Mai sauraronku, maƙerin murhu daga Kura, Jihar Kano