Mu da ke karanta mantuwa mu ne muka fi mantuwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ara mini ɗan fili in yi magana da ƙannena da suka shigo sashen ilimin halayyar ɗan Adam bana.

A aji biyu na faɗi kwas ɗin koyo da tunawa. Ka ji abin kunya. Kwana uku na yi a aji da fitilar caji da fulas ɗin shayi, ina ja wa takardun malami layi da jan biro har shafi ya koma kamar an yanka kaza a kai. A cikin takardun nan har da Ebbinghaus, Bajamushen da ya nuna tun 1885 cewa yawancin abin da aka haddace yana zubewa ne a sa'o'in farko, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi ta zama ɗaya. Na haddace sunansa, ban ji maganarsa ba.

Kakana ne ya gyara mini, shi da bai taɓa shiga boko ba. Ya ce a tsangaya ba a wanke allo sai yaro ya kife shi ya kawo da ka, kuma kullum sai an yi tilawar na baya. Daga baya na tarar wasu masana biyu, Roediger da Karpicke, sun gwada haka a Amurka a 2006: masu maimaita karatu sun fi tunawa bayan minti biyar, amma bayan mako guda waɗanda suka rufe takarda suka gwada kansu ne suka yi gaba.

Yanzu bayan kowace lakca nakan rufe littafi in rubuta abin da na gane da Hausa, sannan in tambayi kaina a ina na taɓa ganin wannan a gida. Inda Hausar ta ƙi fitowa, nan ne ban gane ba.

Ranar da muka yi darasin Piaget, masanin da ya nuna cewa ƙaramin yaro yakan ɗauka yawan abu ya canza idan aka sauya masa mazubi, na koma gida na juye kunun ƙanena, ɗan shekara huɗu, daga faffaɗan kofi zuwa dogo siriri, a gaban idonsa. Ya rantse an ƙara masa. Inna ta ce in daina wasa da abincin yaro. Da tambayar ta fito a jarrabawa, fuskarsa na tuna, na cika shafi biyu.

Wassalam.

Wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe